Shekarar da Na Haɗa Akwati Na Yaye Ummi

Ku duka kun san na taɓa zuwa karatu ƙasar Turawa, don hoton nan da nake tsaye cikin ruwa har gwiwa yana rataye a ɗakina tun kafin a haifi ƙanananku. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda anka yi na tafi. Kowa cikin dangi yana da nasa labarin, kuma na lura wanda ya fi gajarta shi ya fi yawo: wai Dije ta samu Turai, ta aje jinjira ta hau jirgi. Ranar sunan ɗanki na biyu, Ummi, na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawayenki cewa da ke da akwati anka aza bisa sikeli, akwati ya rinjaye ki. Kun yi dariya, ni ma na yi, don tsakar gida cike take da mutane. Amma maganar ta biyo ni har gida ta zauna mani a ƙirji. Shi ya sa na ce bari in rubuta shekarar nan yadda ta faru, tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro.

A wancan lokaci ina aikin malamar gona a Sabon Birni, ina bin matan da ke noman rani a fadama, albasa da tattasai da ɗan tumatir. Babanku, Malam Lawali, yana da shagon ɗinki a bakin kasuwa. Yayanku Bashar ya yi wayo yana wasa waje. Ke kuwa Ummi kin fara tsayuwa da bango, ba ki kai yaye ba, kuma sunan mahaifiyata Inna kinka ci, shi ya sa ba mu kiran sunanki na yanka. Sai kakarku Tumba, mahaifiyar babanku, wadda idanunta sunka riga sunka tafi. Tana zaune a ɗakin da ke kallon rijiya, ba ta ganin kowa, amma babu abin da ke wucewa a gidan ba ta sani ba. Mu ke nan.

Ni tun ina yarinya nake da ƙullin gulbi a raina. Gonar mahaifina tana wajen Tozai, a kan gaɓa, kuma kowace damina sai ruwa ya yanki rabonsa. Akwai wata tsamiya da muke kai masa abinci ƙarƙashinta. Ina gani ta tashi daga tsakiyar gona ta koma gefe, daga nan saiwoyinta sunka fito fili suna lilo bisa ruwa, wata shekara munka je munka ishe babu ita. Ba tsamiyar ke matsawa ba, gonar ce ke ƙarewa. Kafin ya rasu, abin da ya rage masa bai wuce filin sussuka ba. Don haka da anka kawo sanarwa ofis cewa akwai gurbin karatu na shekara guda a kan yadda ruwa ke cin gaɓa da yadda ake tare shi, sai na sa sunana. Na fara shaida wa babanku, ya ce in sa, yana dariya, don da ni da shi babu wanda ya ɗauka za a tsallake maza cike da ofis a zaɓi mace mai goyo. Ruwan fari bai daɗe da sauka ba sai ga sunana ya fito, wai kafin gero ya nuna in kasance can.

Tare da amsar anka aiko da jerin kayan da za a je da su, don rabin karatun ba a aji ake yin sa ba. Za a kwashe mu zuwa daji, cikin duwatsu da koramu, mu kwana a tanti, mu yini muna awon ruwa da ƙasa. Ana son takalmi mai tsawo wanda ruwa ba ya shiga, da rigar ruwa, da rigar sanyi mai kauri, da safar ulu, da jakar da ake goyawa a baya, da wani irin bargo mai kamar buhu da mutum ke shiga ciki ya ja zif. Sannan wanduna masu ƙarfi. Kuma duk wannan, haɗe da suturata da littattafaina, kada ya wuce akwati ɗaya mai nauyin da jirgi ya yarda da shi. Daga ranar da na karanta takardar nan zama ya ƙare mani. In na zauna tankaɗe sai in miƙe in je in buɗe akwati in leƙa, alhali babu komi ciki. In na tada sallah sai in tsinci kaina ina tunanin safa. Tuwo kuwa na ƙona shi har Tumba ta daina magana.

Da na zo karanta wa babanku jerin ina fassara masa, bai tsayar da ni ba sai da na kai kan wando.

"Mi kinka ce?"

"Wando, Malam. Wai cikin ruwa za mu riƙa shiga."

"Da maza?"

"Da maza da mata. Amma an ce tantin mata daban yake."

Na ɗauka tafiya ta mutu nan. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa. Can sai ya zare tef ɗin awo daga wuyansa.

"Tashi tsaye," ya ce. "In dole sai kin sa, to ni za ni ɗinka shi. Ba ki sa wandon da wani ya yanka."

Yadin kaki ya sayo mai kauri, ya yanka wandunan da faɗi kamar na tsofaffin malamai, ya haɗa kowane da doguwar riga mai sauka har ƙasan gwiwa, da tsaga a gefe don in iya taka dutse, da aljihu manya. Abokan sana'arsa in sun tambaye shi wa ke da aikin, sai ya ce wani ma'aikacin daji ne ya kawo. Amma Sabon Birni ba ta riƙe magana. Kafin mako ya zagayo mata sun fara shigowa yi mani sannu da shiri, idonsu na kan igiyar shanya. Wasu su tambaye ni ko can ana samun gero, wasu ko gaskiya ne rana ba ta fitowa, wata kuma ta ce da ni ita dai ba ta ga abin da mace mai miji za ta nema a dajin wasu ba. Duk ban damu da su ba kamar yadda nake jin tsoron Tumba. Wata rana da hantsi ta kira ni.

"Dije, kawo mani abin ga da Lawali ke ɗinki, wanda kuke ɓoye mani."

Na kawo na aza mata a cinya. Ta bi shi da yatsu daga ƙugu har ƙafa, ta ja ɗinkin ta ji ƙarfinsa, ta zura hannu a aljihu.

"Ya yi ɗinki," ta ce. "Ina yarinya mun sha ƙetare gulbi zuwa cin kasuwa da ƙwarya bisa kai. Zane, da ruwa ya kai maki ƙugu, tashi yake shi bar ki. Wanga ya fi shi sutura. Wadda duk ta yi maki magana, turo mani ita."

Na sauke numfashi zan karɓe kayana, sai ta riƙe mani hannu.

"Ba wando ad damuwata ba. Yarinyar hwa? Kin ga ni ba ni iya riƙon mai rarrafe, ga rijiya ga murhu."

Tambayar da ni da babanku muke ta kewayewa ke nan, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Na koma ofis na roƙi a tambayar mani ko za a ɗaga tafiyar zuwa baɗi, anka ce gurbin ba ya jira. Na tambaya ko ana zuwa da goyo, mutumin ofis ɗin ya dube ni ya ce, Malama, tanti fa anka ce. Ƙanwar babanku da ke aure a Bafarawa tagwaye take shayarwa. Sauran Inna ke nan, a Isa, ita kaɗai a gida tun rasuwar mahaifina. Na san dole in je wurinta, kuma na san halinta, sai na riƙa ɗaga zuwan ina fakewa da neman kaya.

Takalmin ya fi komi ba mu wahala. A kasuwarmu babu sai na roba irin na masu ban-ruwa, wanda in rana ta yi zafi yake dafa ƙafa. Babanku ya ce mu ƙetara Maraɗi wurin 'yan gwanjo. Lokacin hanya lafiya lau take, ba kamar yanzu da mutum sai ya yi tambaya kafin ya fita gari ba. Mun yini muna tonon tulin takalma, kina bayana kina jan kallabina, mai kayan yana ta kiran lamba da Faransanci yana cewa madam ai ƙafar taki ta yara ce. Daga ƙarshe munka sami wasu na fata, ruwan ƙasa, masu igiya har ƙwauri, sun yi mani yawa amma ya ce in na haɗa safa biyu za su zauna. Nan munka sayi rigar sanyi mai warin ɗakin wani, da rigar ruwa ruwan ɗorawa, da jakar baya da hannunta ɗaya ya tsinke, babanku ya ce wannan aikinsa ne. A mota muna dawowa kin sami igiyar takalmin kina ta tauna, haƙoranki na tsirowa, ni kuma ina kallon tsakar kanki ina lissafin abin da ban so in lissafa ba.

An ce kada a je da sabon takalmi ƙafa ba ta saba da shi ba, don haka kullum bayan asuba sai in ɗaura su ƙarƙashin zane in nufi fadama. Sun sale mani diddige, sun tada mani ƙuraje masu ruwa a yatsu. Matan da nake aiki da su in sun hango ni sai su miƙe daga kunyoyin gona su sara mani, suna cewa Malama ta shiga soja. Bargon nan mai zif kuwa ko a Maraɗi ba a san shi ba. Babanku ya sa na sake bayyana masa yadda yake, ya haɗa barguna biyu, ya sa masu shafin tamfol daga waje, ya nemo zif mai tsawo daga wani tsohon akwati. Da ya gama ya ce sai ya gwada da kansa. Da rana tsaka ya shimfiɗa shi a tsakar gida ya shige ya ja zif har wuya, zif ya ƙi dawowa. Yana ciki yana gumi yana kirana, Tumba na tambaya mi ke faruwa, da na gaya mata ta yi dariya har da tari. Ita ce dariyar da na tuna munka yi tare a duk daminar nan.

Da kaya sunka kusa haɗuwa na rasa abin fakewa, sai na je Isa. Kafin in ba ku abin da Inna ta ce, ya kamata ku san wani abu. Ta taɓa riƙon ɗiyar ƙanwarta, yarinyar sunanta Asabe, tun daga yaye har ta isa ɗaukar tulu. Ranar nan kawai iyayen sunka aiko anka ɗauke ta. Ina da wayona lokacin, na ga yadda Inna ta kwanta ciwo, ta daɗe ba ta iya cin abinci, in ta ji muryar yarinya a waje sai ta miƙe ta leƙa. Na ishe ta tana gyaran wake a inuwar ɗaki. Ta karɓe ki ta aza a cinya tana yi maki wasa, ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Na san abin da ya kawo ki. Labarin wandonki ya riga ki isowa."

"Shekara guda ta, Inna. Da na dawo..."

"Tsaya nan. Ba ni amsar aron ɗiya. Na yi sau guda, kin ga yadda na ƙare. In kin kawo mani takwarata, kin kawo ta ke nan. Ni za ni yaye ta, ni za ni raine ta, in Allah ya ja kwana ni za ni kai ta ɗakinta. In ba ki iyawa, zamna ki riƙe abinki, ba wanda ya kore ki Sabon Birni."

"Inna, ni za ki ce wa haka?"

"Don ni na haihe ki na hwaɗa maki tun yanzu, ba sai kin dawo ba."

Ban kwana ba, na ɗauke ki munka juya. Makonnin da sunka biyo baya ba na son tuna su. Akwatin nan na haɗa shi na warware ban san iyaka ba. Labari ya bazu cewa tafiya ta matso, kowa na kawo nasa: kuka, daddawa, yaji, kilishi, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa. Wata aminiyata daga rugar Turba ta aiko da man shanu a gora, wai kada in je in bushe. Babanku ya ɗora akwatin a babur ya kai sikelin 'yan albasa, ya dawo ya ce ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. In cire littattafai, a koma, ya wuce. In cire kilishi da man shanu, a koma, ya wuce. Bargon da ya ɗinka shi ya fi komi nauyi, shi ma ya sani, amma ban iya ciro shi a gabansa ba. Ina durƙushe bakin akwati ina ninki, sai ki rarrafo ki kama gefensa ki miƙe, ki zaro safa ki jefar, ki dube ni kina jiran in yi dariya. In ɗauke ki in ba ki nono, idona na kan kayan, in na koma kan kayan hankalina na kanki. Barci ba na kirki, magana kaɗan sai faɗa. Wata rana da la'asar na kifar da akwatin gaba ɗaya a tsakar ɗaki, kaya sunka watse, na zauna a cikinsu. Haka babanku ya shigo ya ishe ni.

"Na fasa, Malam. A ba wani."

Ya tsallake kayan ya zauna bakin gado. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Ba ni ce maki tahi, ba ni ce maki zamna," ya ce. "Ɗiyata ta kamar yadda take taki, kuma Isa ba bayan duniya ta ba. In kin zamna, ba ki jin na ce kin yi wauta. In kin tahi, ba ki jin gori bakina har in mutu. Abu guda nika roƙo, wanda duk kinka zaɓa, shi zan ke kinka zaɓa, kar wata rana ki ce mu munka sa ki."

Ya cika maganarsa, Allah ya jiƙansa, ban taɓa jin gorin ba. Kayan sun kwana biyu a ƙasa ina tsallake su. Da safen da ya biyo baya na ɗaura takalmin kamar yadda na saba, na fita. An yi ruwa, gulbi ya kawo ja wur, yana tafe da karan dawa da rassan itace. Ina tafiya sai na lura takalmin ya daina cizona. Na gangara inda ruwa ya malalo cikin fadama na shiga har ƙwauri, ƙafata a bushe, na tsaya ina kallon gaɓar ƙetare tana ɓantarewa tana faɗawa ruwa gutsure-gutsure. Da na so, da sai in ce maku don gonar mahaifina kaɗai na tafi, ko don matan fadama. Akwai wannan. Amma akwai kuma cewa ina son tafiyar. Ina son in san abin da ban sani ba, ina son in ga ko zan iya, kuma na san in na zauna zan riƙa kallon gulbin nan kowace damina ina jin haushin mutanen gidana a kan abin da ba su yi mani ba. Sannan can ƙasan raina na ce Inna uwa ce, in ta gan ni na dawo za ta sauko. Da wannan tunanin na koma gida na tsince kayan daga ƙasa.

Ranar da munka kai ki, Inna ta riga ta shirya. Ta dama kunu, ta sayo 'yar tabarma sabuwa da ƙaramin kwano, ta share ɗakinta ta sa turare kamar za ta tari babbar baƙuwa. Babanku ya gaida ta ya koma zaure. Na fara jera mata bayani, yadda kike son a kwantar da ke ta gefen dama, abin da ke sa maki zawo, waƙar da ke sa ki barci. Ta bar ni na yi ta zuba, sannan ta ce:

"Ke wa ya raine ki? Ba ta na ƙarshe ki tashi. Kuma kar ki yi mata sallama, yaro ba shi son a tsaya ana kallonai ana tahiya."

Na ba ki kinka sha har kinka saki da kanki. Inna ta ɗauke ki ta ce zo mu ga awaki, ta zagaya da ke bayan ɗaki tana kiran akuya da suna. Na miƙe na fita ban waiwaya ba. A babur na kifa goshina a bayan babanku har Sabon Birni, shi kuma ya rage gudu.

Ba wanda ya gaya mani cewa jiki ba ya jin an yi yaye. Kafin gari ya waye ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Tumba ce ta sa anka dafa ruwa, ta lalubo ni ta gasa mani, ta naɗe ni da zane ta ɗaure tamau, tana cewa in yi haƙuri zai kafe. A haka, ɗaure, na haɗa akwatin haɗin ƙarshe. Na bar abincin duka sai ƙullin kuka da yaji, na bar rabin littattafan, na bar zannuwana masu kyau. Bargon na danna shi a ƙasa na zauna bisa murfin, babanku ya ja makulli. Takalmin da rigar sanyin a jikina na sa su don su rage nauyi, na fita daga Sabon Birni cikin zafin ƙarshen damina kamar mai shirin shiga ƙanƙara. A jirgi gaban rigata ya jiƙe sharkaf, na ja rigar gwanjon na rufe, ina godiya da kaurinta.

Karatun kansa wani babi ne. Abin da zan ce a nan shi ne an yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, marar tsawa marar ƙarewa, kuma na shiga koramun da sanyinsu ke sa haƙori ciwo. Wandunan babanku ba su taɓa yagewa ba. Bargonsa ya sha ruwa ya ƙara nauyi, 'yan ajinmu suna zuwa kallonsa, amma a cikinsa na kwana har anka gama. Na koyi yadda ake karanta gaɓa, inda za a kafa turaku, irin ciyawar da saiwarta ke riƙe ƙasa, yadda ake jera dutse cikin ragar waya. Da ilimin nan na yi aiki har na aje, wasu gaɓoɓin sun tsaya, wasu ruwa ya fi ƙarfinmu. Gonar Tozai dai ban same ta ba.

Da na dawo kwana ɗaya na yi a Sabon Birni na wuce Isa. Na ishe ki kina gudu a tsakar gida, an yi maki kitso, kina da 'yan awarwaro. Na durƙusa na buɗe hannu na kira sunanki. Kinka tsaya kinka dube ni, kinka dubi Inna, sannan kinka ruga kinka ɓuya a bayan zanenta. Na zauna munka gaisa, na ba da tsaraba, ban ce komi game da ke ba, don na san abin da na amsa. Sai da na miƙe zan tafi Inna ta shiga ɗaki ta fito da kayanki ɗaure a ɗankwali. Ba ta dube ni ba.

"Ɗauke ta tun ban sake shawara ba. Na ga yadda kika kallon ta. Ba ni iya ci da hakkinki."

Wannan ne ba a taɓa gaya maki ba, Ummi. Inna ta ba ni ke, na kuma ɗauke ki na kawo ki gida. Kin yi kuka tun daga Isa har muryarki ta dishe. A gida kinka ƙi tuwo, kinka ƙi kunu, kinka ƙi madarar da na zo da ita. In na miƙa hannu sai ki juya fuska ga bango. Babanku ya kawo alewa, Bashar ya kawo maki 'yar motar kara, ba ki kalle su ba. Kullum sai ki ɗauki takalmanki ki je bakin ƙofa ki zauna da su a cinya, duk wanda ya shigo ki ce masa Inna. Na ce yau za ki saba, gobe za ki saba. Wuyanki ya fara fitowa, jikinki ya ɗauki zafi, na kai ki asibiti ba su ga komi ba. Daga Isa kuma anka aiko cewa Inna ba ta fita ko tsakar gida. Tumba ta sa na kai mata ke, ta shafa haƙarƙarinki, ta ce:

"Dije, yarinyar ga ba ciwo gare ta ba. Gida take so."

Ba wanda ya ce in maida ki. Babanku ya ce a ƙara haƙuri ko za ki sake. Ni na tashi da safe na yi maki wanka, na ɗaure kayanki, na goya ki, na ce masa ya fito da babur. Duk tsawon hanya kina kwance lamo a bayana, kuncinki a kafaɗata, ina jin numfashinki, ina so hanyar ta ƙara tsawo. Da munka shiga unguwar su Inna kinka ɗaga kai. Kafin babur ya gama tsayawa kin fara zillo, na sassauta kinka zame ƙasa, kinka ruga cikin zaure babu takalmi. Ban bi ki nan take ba. Na tsaya a ƙofa, zanen goyo na ɗaure a ƙirjina babu kowa ciki, ina jin Inna tana salati, ina jin ki kina ba ta labari da gwarancinki, kina cewa a ba ki tuwo. Babanku ya shiga da kayanki ya fito. Bai ce in yi sauri ba. Ya jira har na kwance zanen na ninke shi, sannan munka juya.